Ta Ce Lafiya Lau

"Me ta ce?"

Auta ta ɗago kai daga gadon awo, man da aka shafa mata a ciki yana ratsa ta da sanyi. Ungozomar ta daɗe tana bayani, tana nuna allon na'ura da yatsa, har da dafa kafaɗar Dogo.

Dogo, mijinta, ya yi murmushin yaƙe.

"Ta ce lafiya lau, Zumata."

"Duk wannan dogon zancen, lafiya lau kawai?"

"Haka yarensu yake. Kafin su ce sannu sai shayi ya huce."

Ba ta yi dariya ba. Ungozomar ta zare wata 'yar takarda ta rubuta lambar waya, ta miƙa masa. Shi ta miƙa wa, alhali mai cikin tana kwance.

Da tsohon ciki Auta ta sauka ƙasar nan, inda Dogo ke tuƙin motar raba kaya. Umma, mahaifiyarta, ta hana, ta yi kuka, ta ce wa ke kai haihuwar fari inda ba uwa ba dangi? Auta ta kafe sai ta bi mijinta. Sun sha yawo kafin su sami wannan asibitin. Wani ya ce ya cika, wani ya ce ta makara da fara awo. Ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba da yarensu. Duk maganar da za ta shiga kunnenta sai ta bi ta bakin Dogo.

Daga ranar nan ya sauya.

Ya hana ta wanki. Ya hana ta sauka bene. Ya kwashi filonsa ya koma kujerar falo, wai zafi yake ji, a garin da sanyi ke fasa leɓe! In wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda ya ja ƙofa.

Yayarsa, wadda ke aure a unguwar gaba, ta zo dubiya. Dama ƙawarta ta so ya aura, kuma har yau ba ta huce ba. Ta saurari Auta tana kurɓar shayi.

"Ni dai ban ce komai ba, amarya..."

"Ki faɗa, Yaya."

"Ke ce mai ciki ko shi? Ungozoma ta ba namiji lambarta, ke kina kwance kamar buhu? Hmm! Matan garin nan idonsu a buɗe yake."

Auta ta bi ta da kallo har ta fita. Ta san Yaya ba ƙaunarta take ba. Amma lambar fa? A gabanta aka bayar.

Washegari, Dogo na fita aiki, ta cika kwando da kayan wanki don haushi, ta sauka da shi ɗakin injin wanki a ƙasan bene, ta sake hawowa da shi jiƙe. Da ta shiga banɗaki sai ta ga jini. Ɗan kaɗan.

Ta ɗauki waya, ta kalli sunansa, ta ajiye.

Ta zura rigar sanyi, ta hau bas ɗin da suka saba hawa, tana duban gine-gine har ta hango koriyar ƙofar asibitin. A teburin karɓar baƙi ta ajiye katinta, ta nuna cikinta, ta nuna bakinta.

"Hausa," ta ce. "Hausa!"

Ungozomar ta fito da sauri, ta dube ta, ta dubi bayanta ba ta ga Dogo ba. Ta kwantar da ita, ta danna waya ta ajiye kusa da kunnenta. Sai ga muryar wata dattijuwa.

"Sannu 'yata. Ni tafinta ce. Abin da ta faɗa shi zan faɗa miki, ba ragi ba ƙari."

Hawaye ya zubo wa Auta.

"Baba, ki tambaye ta... me ke tsakaninta da mijina?"

Tafintar ta juya maganar. Ungozomar ta zaro ido, ta dafe ƙirji, sannan ta fara bayani a hankali.

"Ta ce lambar ta ɗakin haihuwa ce, ta gaggawa. Ta ce mabiyiya ta sauko ta tare hanyar da jaririn zai fito. Ba ɗaukar nauyi, ba kusantar miji, in kin ga jini ki taho nan take. Kuma haihuwar sai ta tiyata. Ta ce tun ranar ta nemi a kira ni, mijinki ya ce shi zai yi miki bayani a gida."

Tiyata!

A ɗakin tiyata babbar yayarta ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn.

Asibitin suka kira Dogo, ba a daɗe ba ya faɗo ɗakin da rigar aiki, yana haki.

"Zumata..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan. Me ta ce? Faɗa mini kuma!"

Ya durƙusa gefen gadon.

"Na kira Umma a ranar. Ta sa na rantse ba zan faɗa miki ba sai lokaci ya yi. Ta ce fargaba kaɗai za ta iya kashe ki. Da ita nake waya a baranda."

"Ni na ɗauka wata ce."

"Wata? Ni? Da me zan ji, Auta?"

"Da kwandon wanki na hau bene yau. Da ka faɗa mini, zan ɗauka? Tsoro ka kare ni daga gare shi, ka bar ni ina neman kashe ɗana da hannuna!"

Rantsuwa ya yi wa uwa, ya cika ta. Matarsa ce ta kusa biyan kuɗin cikawar da jininta. Ya kifa goshinsa a bakin gadon, kafaɗunsa na rawa.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sai ta tuna ita ma da safe ta ga jini ta ajiye waya.

Ta ɗora hannu a kansa.

"Jikina ne, Dogo. Ko mutuwa suka ce, ka faɗa mini da Hausa."

"Wallahi, Zumata. Ko tari suka yi."

Asibitin suka riƙe ta har lokaci ya yi. Yaya ta zo da kular abinci tana sunkuyar da kai. Umma kuwa Auta ce ta kira ta da kanta, suka yi kukansu tare.

Ranar tiyatar, Dogo na zaune wajen kanta cikin hular asibiti da ta yi masa kaɗan.

"Likita ya ce za ki ji ana ja, ba zafi. Ya ce akwai jini, amma sun tanadi wani. Waccan kuma ta ce yunwa take ji."

"Dogo!"

"Ke kika ce komai."

Ta damƙe yatsunsa. Can sai kuka ya cika ɗakin, siriri, mai ƙarfi. Ungozomar ta leƙo ta saman labule ta faɗi wata 'yar gajeriyar magana.

"Me ta ce?"

Ya share ido da bayan hannu.

"Mace ce. Ta ce lafiya lau."

Auta ta ƙura masa ido, sannan ta juya ga wayar tafinta da aka ajiye gefen filonta.

"Baba?"

Tafintar ta yi dariya.

"Wannan karon haka ta ce, 'yata."