Layin Da Ba Shi Da Lamba

Magariba ta kawo jiki, magatakardan maƙabarta yana zaune a falo da kwamfuta a kan cinya. Tun rasuwar matarsa aiki kaɗai yake iyawa. Ya kwafe tsohon kundin kaburbura cikin manhajar rubutu, layi dubu huɗu, ya tsara mata ƙa'ida: ta nemo harafi ɗaya da lamba uku a kowane layi, ta jera su a kan haka. Duk suka jeru, ban da guda ɗaya da ya faɗo can ƙasa, don babu lamba a cikinsa. Bai karanta ba, ya goge. Washegari ya miƙa wa masu haƙa sabon jerin.

Kwana uku bayan nan, rana na faɗuwa, tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano. Gwaggo, yayarsa da ke riƙe masa gida, ta leƙa waje, babu ko kyanwa. Shi ko kai bai ɗaga ba.

A yamma ta biyar autarsa ta ajiye cokali, ta miƙe kamar sanda, ta shiga karanto lambobin kaburbura da muryar tsoho. Gwaggo ta yafa mayafi ta ɗauko malam.

Malam ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya tambaya wane ne ke magana.

"Maƙwabtanku ne na gindin tsamiyar maƙabarta," in ji muryar. "Shekara tamanin ke nan da aka rubuta a kundinku kada a haƙa wurin. Mai gidan nan ya share mu. Yanzu diga ta fasa mana ɗaki."

Magatakarda ya ji maganar kamar daga bayan bango take fitowa.

Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar shekara guda. Malam ya ce ko yini ba za ta ƙara ba. Aka yi ta ja har suka tsaya a kan a cike ramin, a maido layin.

"A saman jerin," in ji muryar. "Mun riga matattunku zuwa."

Nan take magatakarda ya rubuta. Auta ta yi atishawa uku, ta sulale jikin Gwaggo.

Da ta buɗe ido ta ce, "Baba, ƙafafuna sanyi."

Ya durƙusa ya kama su yana murzawa. Sai da Gwaggo ta miƙo masa gefen mayafinta ya san kuka yake.