Maɓallin Ɗaki Na Biyu

Da hantsi aka kira Sufeto zuwa kamfanin ajiyar kifi. An tsinci gawar dattijon da ke jera kwalaye a cikin sabon ɗakin sanyi. Ƙofa ce ta rufe da shi, hannunta na ciki ya karye.

Sufeto ya durƙusa gaban gawar. Dattijon na zaune jingine da bango, daidai ƙarƙashin jan maɓallin neman agaji, babban yatsansa duk ya saluɓe. Sufeto ya danna maɓallin, ya kasa kunne. Shiru.

"Ina ƙararrawar?" ya tambayi Manaja.

"Yallaɓai, na'ura ce ke kaɗa ta. Ni da kwamfuta sai kallo. Ka tambayi Auta, ɗan marigayin, shi ne mai kula da ɗakunan."

Auta na tsugune a bakin ƙofa riƙe da hular mahaifinsa. Idanunsa sun yi jawur.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Sufeto. "Wa ya haɗa maɓallin nan da na'ura?"

"Injiniya ce, kafin ta tafi hutun haihuwa. Ni ban taɓa ba."

Saje ya je ya ɗauko Injiniya da jaririyarta a goye. Matan kamfanin suka bi ta da harara, wata har da tsaki. Ta zauna gaban kwamfutar, ta buɗe fayil ɗin da manhajar ƙararrawar ke karantawa duk lokacin da aka kunna ta.

"Yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki," in ji Sufeto.

"Ai ko kakarta ta fi mu, yallaɓai," Saje ya ce. Ba wanda ya yi dariya.

"Kowane maɓalli yana da layinsa," ta ce. "Suna a hagu, aikinsa a dama. Ka ga na ɗakin farko." Sai ta kai yatsa kan layi na ƙarshe. An rubuta ɗaki#2. "Wannan alamar mai kamar tsani, wadda ake dannawa wajen sa kati a waya, in manhajar ta gan ta, sai ta ɗauka abin da ya biyo baya bayani ne aka bar wa mutane. Tsallake shi take yi, ko ƙorafi ba ta yi. A wurinta ɗakin nan ba shi da maɓalli."

"Ke kika rubuta?"

"Wallahi ba ni ba ce. Ranar da na tafi ko wayar lantarki ba a ja wa ɗakin ba. Na ce a jira ni."

"Za ki faɗi haka a kotu," wata ta ce daga baya. Jaririyar ta fashe da kuka.

Sufeto ya koma ya tsaya gaban ƙofar ɗakin. Da shuɗin fenti an rubuta mata #2, fentin ya ɗan zuba ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Manaja, yaushe aka rubuta wannan?"

"Bayan tafiyarta ne. Da can sabon ɗaki muke ce masa."

"Wa ya rubuta?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Sufeto ya juya, idonsa ya sauka kan takalmin Auta. Akwai ɗigon shuɗin fenti a bakinsa.

Ya je ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. "Ɗana, wanda ya rubuta layin nan daga jikin ƙofa ya kwafo sunan. Ita kuwa ba ta taɓa ganin ƙofar da suna ba. Za ka bari a tafi da mai jego?"

Auta ya cusa fuskarsa cikin hular.

"Dako Baba yake yi a waje cikin rana," ya ce da kyar. "Manaja ya ce in an buɗe ɗakin zai mayar da shi ciki ya huta. Na kasa jira. Layin ɗakin farko na kwafa, na canza suna. Na kunna manhajar, ba ta nuna kuskure ba, na ce wa Manaja na gwada."

"Ka danna maɓallin?"

Auta ya girgiza kai. "Ni na nuna masa shi da hannuna. Na ce, Baba, in wani abu ya faru, wannan za ka danna, zan zo."

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya yi masa alama ya mayar. Ya kama hannun Auta ya miƙar da shi.

Suna bakin mota Injiniya ta goge alamar daga layin, ta sake kunna manhajar, ta ce wani ya gwada. Ƙararrawa ta ɗauki kuka, ta cika kamfanin gaba ɗaya.

Auta ya fizge hannunsa, ya juya da gudu wajen ɗakin. Taku kaɗan ya yi ya tsaya cak.