Sabon Shugaba da Kwatar Tsohuwa

A wani gari, can da daɗewa, akwai wata ƙungiyar taimakon jama'a. Da shugabanta ya tsufa sai ya sauka, aka naɗa wani attajiri mai sayar da yadi. Don murna har ya ɗinka babbar riga fara sol.

Aikin farko da ya tarar shi ne yashe kwatar bayan gidan wata tsohuwa makauniya, wadda ruwa ke cin katangarta duk damina. Ranar aiki ya zo da kujera, ya zauna a inuwa, ya ce, "Ku fara, ina zuwa." Mataimakinsa ya dubi magatakarda ya ce, "Ku fara, ina zuwa." Magatakarda ma ya faɗa wa na kusa da shi haka. Har hantsi ya dubi ludayi babu wanda ya taɓa shebur.

Can sai tsohuwar ta fito tana lalube, da 'yar fartanya a hannu, ta durƙusa a bakin kwata ta fara tono. Hadari kuwa ya haɗo daga gabas.

Kunya ta kama attajiri. Ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga caɓi har gwiwa. Sauran suka bi shi.

Tsohuwa ta ji motsi, ta ce, "Wane ne kusa da ni?"

Aka ce, "Shugaba ne da kansa, Iya."

Ta ce, "Sannu, ɗan nan. Matsa gaba kaɗan, can ta fi toshewa."

Ya ce, "To, Iya," ya matsa.