Sakatar da Mamaci Bai Ja Ba

Da hantsi aka kira Sufeto gidan gona, wai mai gonar ya harbe kansa. Ya tarar da gawar a ɗakin ajiye taki, doguwar bindigar farauta a gefenta. Matar marigayin na rakuɓe a bakin ƙofa.

"Wa ya fara shigowa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji ƙanen marigayin. "Ƙara na ji na rugo. Ban taɓa komai ba, ni ko riƙe bindiga ban iya ba."

Sufeto ya durƙusa. Ƙarƙashin benci ya hango kwanson harsashi.

Saje, sarkin gaggawa, har ya fara rubuta rahoto. Sufeto ya nuna masa kwanson.

"Ai bindigar da kanta ta tofar da shi, oga."

"Fistol ɗinka ke yin haka, ta harba ta tofar ta sake ɗana kanta," in ji Sufeto ƙasa-ƙasa. "Ƙaramar bindiga mai juyi kuwa riƙe kwansonta take a ciki. Wannan mai sakata ce. Sai an ɗaga, an ja baya, sannan kwanso ya fito. In aka tura gaba, sabon harsashi ya shiga."

Sakatar kuwa a rufe take. Wato bindigar a ɗane take yanzu, kuma ƙanen ya fi kowa kusa da ita. Tsoro ya kama Sufeto sosai.

Ya juya ga matar kamar ba komai.

"Baiwar Allah, wa ke korar birai da bindiga a gonar nan?"

Idonta kawai ta ɗaga ta dubi ƙanen mijinta.

Mutumin ya kai hannu ga bindigar. Sufeto ya riga shi, ya take ta da takalmi, Saje ya rungume ƙanen ta baya. Da aka ja sakatar, harsashi mai rai ya faɗo ya gangara har gaban matar.

"Mamaci ba ya ɗana bindiga, malam."

Ƙanen ya zube a ƙasa.

"Yaya ne ya ce zai sayar da gonar babanmu. Wallahi ban ma san na ja sakatar ba, hannuna ne ya saba."

Aka sa masa ankwa aka fita da shi. Sai a lokacin matar ta fashe da kuka.

"Na faɗa musu ba zai tafi ya bar ni haka ba."