Jirin Zakiya

Zakiya na ƙoƙarin goya 'yarta Firdaus a tsakar gidansu na Salaga, sai ta ga ƙasa ta juya. Ta dafa randa, randa ta kife. Mijinta Mikaila ya yar da tsumman goge babur ya taro su da gudu.

"Sau uku ke nan a satin nan!" in ji mahaifiyarsa Hajiya Atikatu, wadda ta zo daga Bawku ganin jika. "Gobe zan tafi da yarinyar nan kafin a fasa mata kai!"

"Mma, ciwo ne fa. Ƙari ne a jijiyar kunnenta na hagu. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne."

"To me kuke jira?"

Tsoro ne ya hana su. Hoton kan da aka ɗauka a asibitin Tamale ya nuna ƙarin yana girma. In an gasa shi da haske zai iya tsayawa, amma likita bai yi alƙawarin jirin zai tafi ba. In tiyata ce, kunnen zai mutu, jirin kuma zai tsananta na makonni kafin jiki ya saba. Ga mahaifin Zakiya Alhaji Sulley a Yendi ya rantse ba mai buɗe kan 'yarsa.

Zakiya ta durƙusa tana kuka. "Mma, ki ba ni kwana biyu. Don Allah!"

Washegari Mikaila ya kai ta Yendi, ta runtse ido tun daga Salaga saboda juyawar hanya.

"In kika farka ba kya iya tsayuwa fa?" in ji Alhaji.

"Baba, yanzu ma ba na iyawa. Tsoron ɗaukar 'yata nake ji. Na yarda in rasa kunne ɗaya."

Ya daɗe yana kallon Mikaila. "Kai fa? In ta zama sai an riƙe ta?"

"Sai in riƙe ta, Baba."

Alhaji ya amince, aka yi tiyata. Satin farko ko kai ta juya sai amai. Hajiya Atikatu ta ga haka ta kwance kayanta, ta fasa tafiya. Kullum da safe takan tsaya bakin zaure da Firdaus a hannu.

"Taho ki karɓi abarki! Ɗaga ido, daina kallon ƙasa!"

Mikaila na gefe, Zakiya na takowa tana layi. Taku biyar, ta zube. Bayan sati, taku goma sha biyu.

A wata na huɗu ta je kasuwar doya ita kaɗai ta dawo, ba ta dafa bangon kowa ba. Hajiya ta rungume ta tana hawaye, ta lalubi kunnen dama. "Ki yafe min, 'yata. Tsoro ne ya sa ni."

Ciwo jarrabawa ce ga gida duka. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya wa nasa ranar da ƙafa ta gaza, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.