Sunan Da Kang Marto Ya Ƙi Faɗa

Bu Ponirah na bakin murhu tana juya tempe, wainar waken soya, a cikin mai, wayarta jingine da kwandon albasa, sai ga kiran 'yarta tilo, Kinanti, daga Perth ta ƙasar Ostareliya, inda take aikin jinya. Fuskar yarinyar ta cika wayar fam, ciki wata shida, cikin ma na tagwaye.

"Ibu! Bizarki ta fito! Ta iyaye, shekara uku cur!"

"Alhamdu lillahi! Pak! Pak, fito ka ji!"

Mijinta, Pak Harjosuwito, ya shigo daga bayan gida da kwanon abincin kurciyarsa a hannu. Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa a tashar Kutoarjo ba shi da sana'a sai wannan tsuntsuwa da zolayar matarsa. Ya leƙa wayar yana murmushi.

"To, Nduk 'yata, tawa fa?"

Kinanti ta sunkuyar da kai. Mijinta Danang ne ya karɓi wayar yana sosa ƙeya.

"Bapak, sori, an samu matsala. Wannan bizar sai takarda ta nuna kai ne mahaifin Kinanti. Fasfonka ya ce Harjosuwito. Takardar haihuwarta ta ce sunan ubanta Wagiman, ta aurenku ma haka. Sun ce mutum biyu ne."

"Mutum biyu! To wanne daga ciki ya yi shekara shida yana goya ta a keke zuwa makaranta?"

Babu wanda ya yi dariya. Abin kuwa a nan wajenmu ba baƙo ba ne: a zamaninsu namiji in ya yi aure yakan ajiye sunan yarinta ya ɗauki na manya. Shi ma ya shiga ɗaurin aure yana Wagiman, ya fito yana Harjosuwito. Magatakardan da ya rubuta takardar haihuwar kuma abokin wasansa ne, sunan da suka yi kamun kifi da shi ya dangwala, ya wuce abinsa. Wa ya taɓa zaton wata rana wani zai zauna a wata ƙasa yana gwada takarda da takarda?

"Amma akwai mafita," in ji Danang da sauri. "Akwai bizar ziyara ta wata uku. Bapak ya zo ya ga jarirai ya koma, Ibu ta zauna."

Bu Ponirah ta ajiye matsamin hannunta.

"Ya koma? Ya koma wajen wa?"

"Haba Ibu, plis!" Kinanti ta fizge wayar. "Bapak yaro ne? Tagwaye fa zan haifa! Ba ni da kowa a nan sai Mas Danang, shi ma aiki yake zuwa!"

"Nduk, shekara arba'in da ɗaya ubanki bai kwana a gari ɗaya ni a wani ba. Ga hawan jini. In ban tsaya a kansa ba maganin ma kurciya zai ba wa."

"Ashe mijinki ya fi miki 'yarki! Shi ke nan, na gane!"

Ta fashe da kuka ta katse kiran. Tempen da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus.

Kwana goma Kinanti ba ta kira ba, in an kira ta kuma ba ta ɗagawa. Bu Ponirah ta rame. Wata safiya tana shanya, mijin ya zo ya tsaya bayanta yana kame-kame.

"Bu, ki tafi. Yarinyar nan na bukatarki. Ni zan iya dafa ƙwai."

"Kora ta kake yi?"

"Wane ni!"

"To rufe min baki. Ƙwai! Kai da ka taɓa dafa ƙwai har tukunya ta huje? Ina son 'yata kamar raina, Pak, Allah ya sani. Amma in na hau jirgin nan na bar ka, gangar jiki kawai za ta sauka a can. Wace tsiya zan tsinana mata?"

Ya juya yana goge ido da gefen zaninsa, wai hayaƙin maƙwabta ne.

Danang, Allah ya yi masa albarka, bai zauna ba. Ya yi ta bincike har ya kira su daga wurin aiki ba da sanin matarsa ba. Ya ce in kotu ta tabbatar Wagiman da Harjosuwito mutum ɗaya ne, za a sake cika fom. Dagaci zai ba da takarda, sai dai lauya ya ce a kawo shaidar da ya ga an raɗa sunan da idonsa.

Suka zauna suna lissafin waɗanda suka halarci ɗaurin auren. Liman ya rasu. Iyaye sun rasu. Abokan ango biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya rikice ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Saura mutum ɗaya tak, kuma dukansu biyu sun san shi, kowa ya ƙi ya fara ambata.

Kang Marto, yayan Bu Ponirah.

Ga yadda aka yi. Lokacin auren mahaifinta ya riga ya rasu, Kang Marto ne waliyyi, kuma an shirya shi zai raɗa wa ango sunan manya. Ana shafa fatiha, kafin ya buɗe baki, sai mahaifin ango ya miƙe cikin zumuɗi ya sanar da nasa zaɓin. Ango ya amsa da murna, jama'a suka ce amin. Kang Marto ya haɗiye maganarsa a gaban mutane. Daga ranar bai sake taka gidansu ba, kuma ko a jana'iza suka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Wagiman, kana nan?" kamar mai kiran yaron aike. Mutum da furfurarsa!

Bu Ponirah ta dafa masa naman akuya irin wanda yake so, ta hau babur ɗin haya har ƙauyensu. Ya cinye tas, ya saurare ta har ƙarshe, ya sa tsinke yana sakace.

"Ni wannan mai dogon sunan ban san shi ba. Wagiman na sani. Ki tafi wajen 'yarki, ki bar shi da tsuntsuwarsa."

"Kang, don Allah..."

"Na gama magana, Rah."

Ta dawo idanu jawur. Ta ɗauki waya a gaban mijin ta kira surukinta.

"Danang, ka mayar musu da bizarsu. Na yafe."

Pak Harjosuwito ya daɗe yana kallonta. Ya shiga ɗaki, ya fito cikin rigar batik ɗinsa ta sallah, ya jawo tsohon kekensa. Kilomita tara ya tuƙa cikin rana, da hawan jinin da komai.

Ya tarar da Kang Marto a kan kujera a baranda. Ga kujera a gefe, amma ya zauna a ƙasa.

"A'a, Wagiman! Ɓatan hanya ka yi?"

"Kang, ban zo don kotu ba. Tambaya na zo yi, wadda ya kamata in yi tun ina saurayi. Wane suna ka zaɓa mini?"

Kang Marto ya ƙura masa ido.

"Kwana uku na yi azumi a kan sunan nan," ya ce a hankali. "Kwana uku! Ƙanwata tilo zan ba ka, na ce bari in nema maka suna mai albarka. Ba a bar ni na faɗa ba. Kuma shekara arba'in da ɗaya ko kare bai zo ya tambaye ni ba."

"Na yi laifi, Kang. Murna ce ta rufe mini ido, daga baya kunya ta hana ni. Ka yafe mini."

Kang Marto ya sunkuyo ya raɗa masa sunan a kunne. Mene ne sunan? Har yau ba wanda ya sani sai su biyu. Ni kaina na yi bugun cikin duniya, sun ƙi faɗa. Abin da jikokin gidan suka gani ta taga kawai, tsofaffi biyu rungume da juna suna kuka.

Ranar shiga kotu Kang Marto ya riga kowa zuwa, da hularsa da sandarsa. Aka rantsar da shi. Alƙali ya nuna masa mai ƙara.

"Ka san wannan mutumin?"

"Wagiman? Tun yana yawo ba wando, ranka ya daɗe."

"To wane ne Harjosuwito?"

Bu Ponirah ta damƙe bakin mayafinta. Kang Marto ya gyara murya, ya buga sanda a ƙasa.

"Shi ne dai. A gabana aka raɗa masa, ranar Alhamis bayan azahar, kuma ba ni na raɗa ba, a rubuta wannan ma! Harjosuwito, mijin ƙanwata. Kuma wallahi ya riƙe ta amana."

Alƙali da kansa sai da ya dara. Bu Ponirah kuwa ta manta a kotu take, ta rangaɗa kabbara har ɗan sanda ya ce ta sassauta.

Sai dai takarda ba ta san ciki ya tsufa ba. Ana cikin jiran amsa Kinanti ta haihu, maza biyu, uwarta na kan sallaya a Kutoarjo tana kuka tana addu'a, waya a gefenta. Wannan ya yi mata ciwo, kuma ba ta ɓoye ba. Danang ne ya ɗauki hutu, ya yi wanka, ya yi wanki, ya koyi dama kunun shinkafa ta waya, surukarsa na yi masa tsawa in ya cika ruwa.

Yaran na da wata uku da kwana huɗu imel ya shigo. Shekara uku, su biyun! Unguwa ta ɗauka. Aka yi shinkafar sadaka, aka kai kurciya riƙo gidan Kang Marto, wanda ya karɓa yana mita wai ita ma ba ta da tarbiyya.

A filin jirgin Perth Kinanti ta hango su suna tafe, uwar riƙe da hannun uban kamar za a ƙwace mata shi. Ta miƙa wa Danang yaron da ke hannunta, ta zube a gabansu, mutane na kallo.

"Ibu, Bapak, ku yafe mini. Da nake ɗakin haihuwa aka ce Mas Danang ya ɗan fita minti goma, na ji kamar zan mutu. Minti goma! Ni kuma na ce ki yi shekara uku."

"Tashi, Nduk, tashi," in ji uban. "Kawo min mutanen nan in gani, na sha wuya a kansu."

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. So ba ya ƙarewa a ranar biki, kuma iyayenku ma masoya ne tun kafin a san za a yi ku. Kada buƙatarku ta sa ku raba su. Wanda ya yi haƙuri ya sauke girman kai, Allah ba ya barinsa hannu rabbana. Bu Ponirah ta rasa ganin ranar haihuwa, amma ba ta rasa 'ya ba, ba ta rasa miji ba, ta kuma sami yayanta da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana ɓoye kukan rashinsa.

A motar zuwa gida an sa su a baya, kowa da jika a cinya. Kinanti ta waiwayo za ta nuna musu teku, ta tarar tsohon ya yi barci, kansa a kafaɗar matarsa. Bu Ponirah ta ɗora yatsa a baki.

"Ki bar shi. Tekun ba gudu zai yi ba, muna nan shekara uku."