Man Ƙuna

Mai haɗa magani ya wuni a tsaye yana narka man shafawa, har bayansa ya ƙage. Bayan isha ya wanke turminsa da tafasasshen ruwa, ya watsa ruwan ta ƙofar baya. Don gajiya ko bisimilla bai yi ba.

Yana rufe kwalabe sai ga wata mata da goyo, ba sallama, ba ƙarar takalmi. Allurar sikelinsa na awon magani ta kama rawa ita kaɗai.

"Malam, man ƙuna za ka haɗa wa ɗana."

"Baiwar Allah, na tashi. Sai gobe."

"Ba zai kai gobe ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo turmi. "Yaushe ya ƙone?"

"Yanzun nan," in ji ta. "Yana wasa a ƙofarka ta baya."